Degel: Mutum Nawa Ne a Garin, Kuma Me Ya Sa Ake Gudun Ƙidaya?

Tambaya: Malam, ni ɗan ƙungiyar ci gaban Degel ne. Muna neman a faɗaɗa mana asibiti, aka ce mu kawo tarihin gari da yawan jama'a. Da muka fara bi gida-gida, sai wasu suka ƙi faɗin yawan 'ya'yansu, wai za a sa haraji ko a tsayar da haihuwa. Hankalina ya tashi. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tarihin ba zai wahalar da ku ba. Degel tana ƙaramar hukumar Gwadabawa, arewa da birnin Sakkwato, ƙasar gero da wake, damina gajeriya. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zauna ya karantar, nan aka haifi Nana Asma'u, kuma daga nan ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da zama ya gagara tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. Wannan ya ishe ku shafi guda.

Yawan jama'a kuwa, ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, ta ba Gwadabawa duka mutum dubu 230 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka duk wanda ya miƙo muku adadin Degel daga intanet, ku tambaye shi wa ya ƙirga.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan jita-jitar. Kusan duk ƙauyen da na shiga aiki sai na tarar da ita. Tana da asali: zamanin Turawa an ƙirga magidanta don haraji, an ƙirga shanu don jangali, kakanninmu suka koyi ɓoyewa. To, yau wa ake cuta? Da adadin nan ake lissafin allurar rigakafi, gidan sauro, azuzuwa da ma'aikatan lafiya. Magidanci mai 'ya'ya tara ya ce huɗu, rabon huɗu za a kawo. Idan ƙyanda ta ɓarke da bazara, biyar ɗin da ya ɓoye ba su cikin lissafin kowa. Mai baza maganar a majalisa ba shi zai ɗauki yaron zuwa Sakkwato cikin dare ba.

Masu jingina abin ga addini sun fi ba ni haushi. A Bukhari, Annabi (SAW) da kansa ya sa aka rubuta masa yawan Musulmi, aka samu 1,500. Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajista mai ɗauke da sunayen mutane. A garin da Shehu ya karantar da mata da maza za a ce rubuta suna haramun ne?

Ku koma ta hannun hakimi da masu unguwanni, liman ya yi bayani ranar Juma'a, mata su shiga wajen mata. Kada kuma ku ƙara ko mutum ɗaya don burge hukuma, domin in aka gano, takardar duka za a jefar.