Amsa ga Malama a kan siffar gungun taurarinmu

Assalamu alaikum, Malama. Kin tambayi yadda za ki bayyana wa ɗalibai siffa da girman gungun taurarin da muke ciki, wato Milky Way, bayan wani yaro ya kawo miki hoto yana cewa daga waje aka ɗauke shi. Irin hoton nan ne ya jawo mini wulaƙancin da har yau bai bar zuciyata ba.

Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, na gaya wa yara cewa babu na'urar da ta taɓa fita daga gungun nan ta juyo ta ɗauki hotonsa. Mataimakin shugaban makarantar ya jiyo ni, ya shigo babu ko sallama, ya ɗaga wayarsa yana nuna wa yara zanen kwamfuta, ya ce wai malaminsu bai san duniya ta ci gaba ba. Yara suka tuntsire da dariya, ni kuwa ina tsaye da alli a hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin bai taɓa koyar da kimiyya ba, kuma da na same shi a ofis cikin ladabi, sai ya ce in daina ruɗa yara da abin da ba ya cikin manhaja. Bai taɓa ba ni haƙuri ba.

Ki tsaya a kan gaskiyarki. Faɗin gungun ya kai tafiyar haske ta kimanin shekara 100,000, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba tun 1977, duk tafiyar da ya yi ba ta wuce abin da haske ke ci a kusan kwana ɗaya ba. To wa zai ɗauko hoton? Waɗanda ake yaɗawa zane ne, ko kuma hoton wani gungun mai kama da namu.

Ki shiga aji da faifai, domin haka siffarsa take: shimfiɗaɗɗe mai tudu a tsakiya, da rassa masu murɗewa, kaurinsa bai wuce tafiyar haske ta shekara 1,000 ba a yawancin wurare. Taurarin ciki ana ƙiyasta su tsakanin biliyan 100 da biliyan 400, kuma kada ki yarda yara su matsa miki sai kin ba da lamba ɗaya, domin ƙurar da ke cikin gungun ta tare mana ganin sashe mai yawa. Ranarmu tana nesa da tsakiyar da tafiyar haske ta kusan shekara 26,000, tana kewaya ta sau ɗaya a cikin shekara miliyan 230 ko kusa da haka. A tsakiyar akwai baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ke hana ko haske fita, mai nauyin rana irin tamu miliyan 4, wanda bincikensa ya sa masana taurari Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka samu kyautar Nobel a 2020.

Kuma don Allah ki sanar da shugabanninki kafin darasin, kada a yi miki yadda aka yi mini. Ki ce wa yara su duba sama ta kudu a daren damina da gari ya washe, babu farin wata, musamman idan an ɗauke wuta a unguwa. Farin zirin da za su gani kamar hayaƙi shi ne gungun, daga cikinsa muke kallonsa. Lokacin hunturu kuwa hazon Kaduna ba zai bar su su ga abin kirki ba.