Amsoshin Kawu: In taho gida ko in haƙura tukuna?

Tun da aka sanar da ɓullar sabon nau'in korona na Omicron a ƙarshen Nuwambar 2021, wasiƙun 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje suka koma tambaya guda, kowa da irin yadda yake yin ta. Ga Disamba lokacin bukukuwa, ga hutu, ga dokokin tafiya suna sauyawa tsakanin Asuba da Magariba. Dokokin da zan ambata na tsakiyar Disambar 2021 ne, don haka kowa ya sake dubawa ranar da zai biya kuɗin tikiti.

Tambaya: Kawu, ina karatun digiri na biyu a Ingila. Za a ɗaura auren ƙanwata a Katsina ƙarshen wata, ni ne babban wanta, kuma ina da jarrabawa a Janairu. Tunda an cire Najeriya daga jerin ƙasashen da aka hana matafiyansu shiga Ingila, in sayi tikiti?

Ɗana, Allah ya sa albarka a auren, ya ba su zaman lafiya. Amma dubi kwanan watan da kyau. Ranar Asabar gwamnatin Birtaniya ta yi sanarwar saka Najeriya a jerin, Litinin 6 ga Disambar 2021 da asuba dokar ta fara aiki, ranar 15 aka janye ta. Duk ɗalibin da ya sauka a cikin kwanakin nan tara, sai da ya kama ɗaki a otal ɗin killacewa kan fam 2,285. Kai wannan kuɗin Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, ka ji, ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. Wanda ya rufe ƙofarsa da sanarwar kwana biyu, me zai hana shi sake rufewa a Janairu?

Kuma ko gwamnati ba ta rufe komai ba, hancinka zai iya tsare ka. Gwajin korona huɗu ke gabanka: kafin ka taso, kwana biyu da saukarka Najeriya, kafin ka koma, da kuma bayan ka sauka Ingila. Na ukun shi ne abin tsoro. Za ka yi shi ne bayan ka gama musabaha da ɗaruruwan mutane a wurin ɗaurin aure, ka zauna a walima, ka leƙa dina. In ya nuna kana ɗauke da cutar, ko kana jin kanka garau, jirgi zai tashi ya bar ka, jarrabawa ta wuce.

Waliyyi yana gida, shaidu suna gida, rashinka ba zai rage wa auren komai ba. Kuɗin tikitin Disamba da na gwaje-gwajen nan sun isa su yi wa amarya abin da za ta daɗe tana tunawa da kai a ɗakinta. In ka dage sai ka zo, ka sayi tikitin da ake iya sauya masa rana, ka koma da sauran kwana goma kafin jarrabawa, kuma ka ajiye kuɗin otal ɗin nan a gefe. In ba ka da su, to ba ka da kuɗin wannan tafiyar.

Tambaya: Kawu, direba ne ni a Jidda, ina da iƙama, wato takardar izinin zama. Shekara uku rabona da gida. Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon suga a Zariya, duk wayar da muka yi sai ta tambaye ni yaushe zan zo. Ina aika kuɗin magani, amma an ce zuwa da kai ya fi aike. Barci ya gagare ni.

Sannu, ɗana. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Wasiƙarka ba irin ta mai biki ba ce, kuma ba zan ce maka ka zauna kawai ba.

Abin da za ka fara yi yau: ka kira wanda ba ya ɓoye maka magana cikin 'yan'uwanka, ba wanda zai ce "jiki da sauƙi" don ya kwantar maka da hankali ba. In da hali, ya haɗa ka da likitan da ke duba ta. In suka ce jikin ya yi tsanani, ka taho. Aiki ana samun wani. In kuwa ciwon yau da gobe ne da kewar ɗa, to ka san abin da ke gabanka kafin ka motsa. A farkon Disambar 2021 Saudiyya ta dakatar da jiragen da ke zuwa daga Najeriya, kuma wanda ya taka ƙasar sai ya yi kwana 14 a wata ƙasa kafin a bar shi ya shiga. Wato fitarka mai sauƙi ce, komawar ce wahala: otal na mako biyu a ƙasar da ba ka da kowa, da ci, da sabon tikiti, duk daga aljihun direba. Ka duba a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kwana nawa bizarka ta fita da komawa take ba ka, da ranar da iƙamarka za ta ƙare. Ka zauna da kafilinka ku yi magana a fili, in aka tsare ka a gida wata biyu ko uku zai sabunta maka ko zai ɗauki wani. Ya rubuta maka amsar ko da a saƙon waya ne.

In ka zo ɗin, ga wurin da zan roƙe ka. Kada ka sauka daga jirgi ka zarce ɗakinta. Tsoho mai ciwon suga da hawan jini shi cutar nan ta fi kayarwa, kai kuma ka kwana cikin jirgi da filayen jirgi tare da mutanen duniya. Ka gaishe ta daga bakin ƙofa da takunkumi a fuskarka, ka kwana a wani ɗaki har sakamakon gwajin kwana biyu ya fito. Na san gidajenmu, za a sami mai cewa ka je Makka ka dawo Bature. Bar su su faɗa. In ba a yi mata rigakafi ba, a tambayi likitanta, kyauta ake yi.

In kuma ka zauna, kada ka ɗora wa kanka laifin saɓa wa iyaye. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya hana wanda ke ciki fita don gudun ta, kuma da wannan hadisin Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham. Ka yawaita kiran bidiyo, ta riƙa ganin fuskarka.

Tambaya: Kawu, ina kasuwanci a Istanbul, zan zo Kano hutu in koma. Ban yi rigakafi ba, tsoron allurar nake ji. Wani ejan ya ce zai haɗa mini katin rigakafi da takardar gwaji, ba allura ba tsinke a hanci, kan naira 25,000. Ya yi tsada ko in biya?

Wato duk cikin maganar nan, farashin ne kawai ya dame ka?

Tun watan Maris ɗin 2021 aka fara yin allurar nan a Najeriya, a asibitocin unguwa, ba a karɓar ko kwabo. Kai kuma za ka ba da naira 25,000 ka sayi jabun abin da ake rabawa kyauta. Katin ba kwalin ba ne, malam. Darajarsa tana cikin sunanka da aka shigar a rumbun hukumar kula da lafiya a matakin farko, wanda lambar nan mai zane-zane da ke jikin katin take kaiwa gare shi in an haska ta. Ejan ɗinka yana da injin buga takarda a shagonsa, shi ke nan. Ranar da aka haska lambar ta nuna sunan wani, ko ta ƙi nuna komai, shi yana gidansa yana shan shayi, wayarsa a kashe. Kai ne za ka tsaya gaban jami'in da ba ya jin Hausa, ba ya jin "don Allah". Mafi sauƙin abin da zai same ka a hana ka hawa jirgi, tikiti ya tafi. Na gaba da shi, a tuhume ka da takardar bogi a ƙasar mutane, takardar zamanka da kasuwancin da ka yi shekaru kana ginawa su bi ruwa. A nan gida ma, a watan Janairun 2021 gwamnati ta dakatar da fasfo ɗin matafiya 100 na tsawon wata shida, laifinsu kawai sun ƙi zuwa gwajin bayan sauka. To ina ga wanda ya ƙirƙiri takardar?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kanka kaɗai za ka cutar ba. Sai ranar 11 ga Oktoban 2021 Birtaniya ta fara amincewa da katin rigakafin Najeriya. Kusan duk shekarar 2021 an yi ta ja-in-ja da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda ƙarin gwajin da ta ɗora wa fasinjojinmu, 'yan kasuwar Kantin Kwari masu zuwa Dubai sun san abin da suka yi asara. Duk katin bogi guda da aka kama, hujja ce ka miƙa wa masu neman dalilin ware mai koren fasfo gefe. Dattijuwar da ta bi layi ta yi allurarta biyu don ta je Umara, ita za a tsayar ana juya katinta saboda irinku.

Wannan ɗabi'a ta "a haɗa mini" ita ta cinye mu. Maganin zazzaɓi jabu, cajar waya jabu, turare jabu, takardar makaranta a haɗa, lasin tuƙi a haɗa. Mun saba har mun daina jin kunya, sai dai mu tambayi ko akwai ragi. Jabun turare kai kaɗai zai ba wa haushi. Takardar gwaji ta ƙarya kuwa shaida ce ka bayar cewa lafiyarka ƙalau alhali ba ka sani ba, sannan ka zauna awa shida kafaɗa da kafaɗa da mahaifin wani. Ka tambayi kowane malami sunan wannan a shari'a.

Tunda maganar ejan ta zo, masu tahowa ku yi rajistar shafin matafiya na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, da kanku, ku biya kuɗin gwajin bayan sauka da katinku. Kada ku tura wa wani kuɗi ya turo muku hoton rasit. In intanet ɗin ta gagare ku, yaron gida mai waya ya zauna kusa da ku ya yi, kuna kallo.

Batun tsoro kuwa, hannu zai yi tsami, wataƙila zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Shugaba Buhari da mataimakinsa a gaban kyamara aka yi musu a watan Maris ɗin 2021. Hajjin 2021 ma mutum 60,000 da aka bari suka yi, duk sai da shaidar rigakafi. Ka je a yi maka a can Istanbul kafin ka taso. Wanda bai yi ba, dokar Najeriya da ta fara aiki ranar 5 ga Disambar 2021 ta ce ya killace kansa kwana bakwai in ya sauka, ya kuma biya gwaji na biyu, ka ga rabin hutun ya tafi.

Tambaya: Kawu, ina Jamus, cutar ta yi yawa a nan. An ce zafin Sakkwato yana kashe ta. In gudo gida?

Yanzu dai hunturu ake yi a Sakkwato. Sannan a watan Afrilun 2020, tsakiyar bazara, aka yi ta binne dattawa a Kano, har ministan lafiya ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Kana da inshorar lafiya da asibiti kusa da kai. Yi allura ta uku ka zauna.

Tambaya: Kawu, ina sana'ar goro a Kumasi, iyalina suna Maraɗi. Zan bi mota kamar yadda na saba. Akwai matsala?

Akwai, Alhaji. Nijar ta buɗe iyakokinta na ƙasa tun watan Yunin 2021, amma har Disambar 2021 na Ghana a rufe suke ga fasinja tun Maris ɗin 2020, kaya kawai ke wucewa. Na san ana bi ta daji a kan babur, kowa ya sani. Sai dai wanda ya fita ta ɓarauniyar hanya ba shi da hatimi a takardarsa, kuma duk shingen da ya tarar a gaba sai ya sayi shirun mai shingen. Da kuɗin ciniki a jikinka, ban ba ka shawarar haka ba. Ta jirgi kuwa, in za ka dawo, a dokar Disambar 2021 akwai gwajin dala 50 a filin jirgin Kotoka da ke Accra ga 'yan ƙasashen ECOWAS, kuma daga watan sai da cikakkiyar rigakafi. Lissafa ka gani ko ribar kakar bana za ta ɗauka. In ba za ta ɗauka ba, aika musu kuɗin.

Tambaya: Kawu, na ga tikiti mai araha daga Malesiya, amma sai an sauya jirgi sau biyu, kamfanoni daban-daban. Ina so in rage kuɗi don in ƙara tsaraba.

'Yata, araha ba ta ado. Kowace ƙasa da za ki yada zango tana da nata dokar gwaji, kuma tikitin da aka yanka daban-daban, in jirgin farko ya yi latti na biyun ba ruwansa da ke. Ki sayi tikiti guda daga farko har ƙarshe, zango ɗaya, ki karanta ko kuɗi suke mayarwa in an soke tafiya ko takardar bashi, don a 2020 mutane da yawa takardar aka ba su. In akwai mai sauka Kano kai tsaye ki fifita shi ko da ya ɗan fi tsada, ya raba ki da tunanin hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tsaraba kuma akwati ɗaya ya isa: na iyaye, na ƙananan yara, sauran a gaisa. Rarar kuɗin ki bar ta a asusu har sai kin ga sakamakon gwajin komawarki.