Na ci Turanci a WAEC, amma bakina ya ƙi buɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aji biyu a jami'a. Na ci Turanci a WAEC da JAMB, rubutu ba ya ba ni wahala. Amma ranar da na fito gaban aji gabatar da aikin rukuninmu sai harshena ya sarƙe, na ce "feople" maimakon "people", aka kwashe da dariya. A ɗakin kwananmu kuma in na gwada Turanci sai a ce iyayi nake. Ina mafita?
Wata ɗaliba daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tuna min jarrabawar furucin da kika yi a WAEC. Ba da fensir kika amsa ta ba, bakinki a rufe? Haka akasarinmu muka taso, shekara 12 daga firamare zuwa sakandare muna Turancin takarda. Hannu ya saba, harshe bai samu rabonsa ba.

Batun "feople" kuwa, Hausa ba ta raba p da f, sauti ɗaya ne a wurinmu, kuma da leɓɓa biyu muke yin sa. A Turanci, f haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Ita p leɓɓan ne ke haɗuwa su buɗe da ƙarfin iska. Riƙe 'yar takarda gaban bakinki ki ce "people", za ki ga ta yi tsalle. Ni da na daɗe ina koyarwa, har gobe v takan zame min b in na gaji, ba kuma wanda ya kore ni daga aji.

Kullum ki ɗauki muryarki a waya na minti biyar, kina ba da labarin yadda kika wuni, sannan ki saurara. Makon farko za ki ji kunyar kanki, ki daure. Sai ki samu ƙawa guda ɗaya, ba taro ba, ku riƙa musayar saƙon murya a WhatsApp. Kada ki wahalar da kanki wajen kwaikwayon lafazin Ingila ko Amurka, a gane ki kawai ake so.

Masu cewa iyayi kuma, ki ƙyale su. Ranar kare kundin kammala digiri kowa shi kaɗai zai tsaya gaban malamai. In aka sake raba aikin rukuni, ki riga kowa ɗaga hannu ki ce ke za ki gabatar.