Tambaya da Amsa: Lambun da Inna Ta Bari

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu bayan Babbar Sallah tana da shekara 88. Sama da shekara hamsin tana kula da lambun bayan gidanmu a Gangare: zogale, shuwaka, tumatir, alayyahu, bishiyar piya ɗaya da mangwaro biyu. Ita ke raka matan unguwa awo, ita ke wankan gawar mata, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗin ganyen miya a hannun maƙwabci ba. Mu bakwai ne, biyar suna Abuja da Kano. Lambun ya fara lalacewa. Me za mu yi ladan ya ci gaba da isa gare ta?
Daga wata mai karatu, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta. Tambayarki tana da madogara, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da Musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi.

Ku fara da maganar gado. Daga ranar da ta rasu, in filin nata ne, ya zama haƙƙin magada. Ba a mayar da shi waƙafi sai da yardar kowa, kuma rabon maraya ko ƙaramin yaro ba a yin kyauta da shi. Ko da ta bar wasiyya, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyar sai magada sun amince. Ku zauna gaban malami da shaidu biyu, a rubuta abin da aka yarda da shi, kowa ya sa hannu. Lambuna da yawa a nan suke mutuwa: ana ta kunyar juna har wani ya zo ya zuba bulo.

Ko ma mece ce makomar filin, ku ɗebi irin tun bana. Zogale da shuwaka ba su da wuya. A yanki reshen zogale mai tsawon mita ɗaya, kaurinsa kamar ƙotar fartanya, a binne kashi ɗaya cikin uku. Shuwaka kuwa santimita 25 zuwa 30 ya isa, a kafa shi a karkace. Ruwan da ke kwanciya a gindi shi ke ruɓar da su, don haka a ɗaga kunya. Kada a dasa a cikin sanyin Disamba da Janairu; Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, zogale ba ya yin saiwa da sauri a wannan sanyin. A jira ruwa ya zauna a watan Mayu.

Piya da mangwaro su ne ke buƙatar kulawa. In kika shuka ƙwallon piyar Inna za ki sami bishiya, amma ba lallai 'ya'yan su ɗauko ɗanɗanon uwar ba, kuma za ki iya jira shekara bakwai ko fiye. Maganin wannan shi ne auren itace, wato haɗa reshen bishiyarta da ɗan itacen da aka rena daga ƙwallo. A reni ƙwallo a leda na wata shida zuwa shekara, har karansa ya kai kaurin fensir. A yanko reshe mai idanu uku ko huɗu daga bishiyarta, santimita 10 zuwa 15, a fere gindinsa ta gefe biyu da wuƙa mai kaifi, a tsaga kan ɗan itacen da aka rena, a cusa yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo aƙalla ta gefe ɗaya, a naɗe da leda sosai. A inuwa za a ajiye shi. Cikin mako uku zuwa huɗu idanun za su tsiro in ya kama. Abin da ke kashe aure guda uku ne: reshen ya bushe kafin a haɗa, ruwa ya shiga tsagin, ko a bar tohon da ke fitowa ƙasan mahaɗin ya shanye ƙarfin. Ku yi ashirin, ba bakwai ba, domin wasu za su ƙi. In babu mai hannu a gida, masu renon itatuwa a bakin titi suna yi. Na aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma kowane ɗa zai iya kai nasa gidansa, masallaci ko Islamiyya. Ramin dashe santimita 60 faɗi da zurfi, da ruɓaɓɓen taki, a kewaye saboda awaki, a riƙa duba gara da rani.

Sai ɓangaren da ya fi saurin ɓacewa, wato abin da ƙawayenta suka sani game da ita. Ku je wurinsu da waya ku naɗi muryarsu: yaushe take yafa alayyahu, wa ya koya mata wanka, waɗanne gidaje take aika wa ganye ba tare da kowa ya sani ba. Waɗannan gidajen kada a yanke musu. Wankan gawa kuma farilla ce a kan al'umma, ya kamata ɗaya daga cikinku ta zauna da malama ta koya. 'Yan Abuja da Kano su ɗauki albashin mai ban-ruwa duk wata, a ayyana sunan mutum ɗaya da zai riƙa biya.

Tambaya: Kakarmu ta bar iri a gwangwanaye da ƙullin tsumma, sun kai shekara uku. Za su fito?
Daga wani mai karatu, Rikkos

Amsa: Malam, Allah ya jiƙanta. Gwada su kafin ka gyara fili. Ɗauki ƙwaya goma daga kowane ƙulli, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi kwana goma. In bakwai sun tsiro, irin yana da kyau. In uku ko huɗu ne, ka yafa da yawa, ka ware gindi biyar mafi lafiya don sabon iri. Na tumatir yakan kai shekara huɗu, na albasa da wuya ya wuce ɗaya. Sabon irin tumatir a matse shi a kofi, a bar shi kwana biyu zuwa uku har santsin ya rabu, a wanke, a shanya a inuwa mako ɗaya. A zuba a busasshiyar kwalba da ɗan toka, a rubuta suna da shekara a jiki.