Kuɗin sallamata: in zuba su a hannun jari?

Tambaya: Shekara 35 na yi ina koyarwa, yanzu an biya ni kuɗin sallama. Babban ɗana ya matsa in sayi hannun jari da su, wai abokinsa ya ninka nasa cikin shekara guda. Ni kuwa da su nake so in aurar da autata baɗi, in sake kwanon ɗakina. Kuma ba na son abin da ya haɗa da kuɗin ruwa. Ina mafita?
Wata malama mai ritaya, Funtuwa

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a guminki. Kafin komai, ki ware kuɗin biki da na kwano, kada ko sisi daga ciki ya leƙa kasuwar nan.

Ba da ka nake faɗa ba. A 2007 na sayar da filina na sayi hannun jarin wani banki, lokacin har a teburin mai shayi zancen da ake yi ke nan. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000, shekara ba ta zagayo ba ya zube ƙasa da 25,000. Bai sake taka inda ya baro ba sai 2023. Shekara 15! Ni da haya ta taso ni gaba, dole na karyar da nawa. Takardar cinikin tana nan cikin akwatina har yau, filin kuwa wani ya gina bene a kai.

Sai dai yaron bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kuɗin da aka ajiye zaune tsadar kaya ke cinye su, a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Don haka abin da ya rage, wanda za ki iya kau da kai daga gare shi shekara biyar, shi za ki juya. Ki raba ƙafa, kada ki tattara a kamfani ɗaya. Ki kuma sa a duba miki ko kamfanin na da bashin dala a wuya: da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi a Yunin 2023, MTN Nigeria da Nestlé, duk girmansu, asara suka bayyana a ƙarshen shekarar.

Batun halacci kuwa, kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, na da jerin kamfanoni mai suna Lotus Islamic Index, wanda ba a sa bankunan ruwa da kamfanonin giya a ciki. Akwai kuma Sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya tun 2017, ana gina tituna da kuɗin, ana biyan ki haya duk wata shida. A shekarunki, ni nan zan fi karkata.

Ki bi ta dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar, asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin mutum, kuma ya fito da sunanki, ba na ɗanki ba. Abokin nan nasa ma, a ce ya kawo takardar CSCS ɗinsa a gani. In ya fara kame-kame, ki tuna masa da MMM, tsarin ninka kuɗin nan da ya rushe da kuɗin jama'a a 2016.