Wuyan jaririna ya karkace gefe ɗaya, sai an yi tiyata?

'Yar uwa kwantar da hankalinki, tunda kin ce watansa 3 ai maganar tiyata ba ta taso ba tukuna. Wani naman wuya ne da ya taso daga bayan kunne zuwa ƙashin wuya yake ɗaurewa ya gajarce, shi ya sa kan ke kwantawa gefe ɗaya, haɓa ta kalli ɗaya gefen, wani lokacin har ki ji ɗan kulluto kamar ƙwallon dabino a wurin. Yawancin yara motsa wuyan da likitan gashin ƙashi (mai koyar da motsa gaɓoɓi) zai koya miki kawai ke warkar da su, in an fara da wuri. Ki riƙa ajiye abin wasa ta gefen da ba ya son juyawa, amma don Allah kar ki bari kowa ya murɗa masa wuya da ƙarfi.

Sai ya wuce shekara 1 bai saki ba ake tunanin aiki, a ɗan yanka naman ya miƙe, a sa masa abin tallafe wuya, a ci gaba da motsa wuyan. Barinsa ne ke sa fuska da ƙeya su karkace. Ki ce a duba ƙugunsa ma, wani lokacin matsalar ƙugu da ta wuyan tare suke zuwa.