Tudu, Tsauni, Dutse: Ina Ne "Tudun Mun Tsira"?

Wata malamar makaranta daga Mubi ta rubuto tana cewa: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni bambancin tudu da tsauni da dutse. Kuma me ake nufi da tudun mun tsira?"

Malama, Allah ya ƙara basira. Tudu shi ne duk inda ƙasa ta ɗaga, kishiyar kwari, ko da jaki zai hau shi da kaya bai yi nishi ba. Tsauni ya fi shi tsayi, sai an yi haki kafin a kai ƙololuwa. Dutse kuwa Bahaushe bai taƙaita shi ba: wanda yaro ke jifan ƙadangare da shi dutse ne, na niƙa dutse ne, Dala ma dutse ne.

Tudun mun tsira shi ne wurin da mutum ya kai ya sauke ajiyar zuciya bayan ya kuɓuta. A ganina daga ambaliya maganar ta samo tushe, domin in ruwa ya ci gari tudu ake nufa da gudu. Amma ba ruwa kaɗai ke korar mutane sama ba, kuma misalin yana kusa da ke.

Ki dubi Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali, kan duwatsun Mandara da ke iyakarmu da Kamaru. Mutanen, masu kiran kansu Sakun, sun mai da gangaren dutse gona: sun jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala suna tare ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta, suna shuka dawa a kai. Sun shimfiɗa hanyar dutse har zuwa fadar sarkinsu, mai riƙe da sarautar Hidi. A da suna narkar da tama, ƙarfensu na kaiwa kasuwanni masu nisa. Wannan aiki ne ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne tsayin bai tsirar da su kullum ba. Mahayan Hamman Yaji, hakimin Madagali da Turawa suka tuɓe a 1927, sun hau sun kama bayi. A 2014 'yan Boko Haram ma sun hau.

Tun da hare-haren kama bayi suka lafa, mutanen Sukur da yawa sun gangaro gindin dutse, kusa da hanya da kasuwa. Ki lura da yadda Hausa ta shiga sunan: yau ana cewa Sukur Sama da Sukur Ƙasa. Ki faɗa wa ɗalibanki, in da hali ma ki kai su su taka matakalar da ƙafarsu.